Rana na ƙuna, ruwa na yanka: tafiyata daga Kano zuwa Cape Town

Ɗan yayata ne ya gama digirinsa na biyu a wata jami'a a Cape Town, aka sa bikin yaye su a watan Disamba. Yaya ba ta jure doguwar tafiya saboda ciwon ƙafa, mahaifin yaron kuma ya rasu, sai aka ce ni kawunsa in je in wakilci gida. Na bar shagona na Kantin Kwari a hannun yara, na fara zaryar biza. Sai da na je Abuja: mota daga Kano ta Zariya zuwa Kaduna, muna rage gudu a shingayen 'yan sanda da na sojoji, sannan jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu. Sun nemi wasiƙar gayyata da bayanan asusun banki da tikitin zuwa da dawowa da katin rigakafin shawara. Duk mai niyyar zuwa Afirka ta Kudu daga Najeriya kada ya yi wasa da katin nan, domin da na sauka can ma sai da aka sake duba shi.

Ranar tashi hunturu ya kankama. Hazo ya rufe filin jirgin saman Malam Aminu Kano har muna fargabar ko za a ɗaga tafiyar, amma Allah ya taimaka muka tashi. Muka kwana a Adis Ababa, inda sanyin dare ya fi na gida cizo saboda garin a kan tudu yake. Da safe muka kama hanyar kudu, sa'a shida da ɗoriya a sama.

Da rigar sanyi a ƙarƙashin kaftani na fito daga jirgi, sai na tarar da rana tsaka, zafi sosai. Lokacin da muke hunturu su bazara suke yi. Yaron ya tarbe ni yana dariya, ya ce, "Kawu, cire wannan, ka ajiye ta sai ranar komawa." Masaukinsa a unguwar Table View yake, ɗaki ne a wani gida da suke haya su uku, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa zuwa bakin teku. Daga can kana hango tsaunin nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ake gani a hotunan garin, kana kuma hango tsibirin Robben inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare.

Abu biyu suka fara rikita min lissafi. Na farko lokutan salla: agogonsu yana gaban namu da sa'a ɗaya, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas na dare, alƙibla ta koma wajen arewa. Na biyu iska. Daga azahar take tasowa ta kudu maso gabas, ta yi ta kaɗawa ba hutu har dare, tana watsa yashi a ƙafafun mutane, tana fizge hula. Gudunta yakan kai kilomita 50 ko 60 a sa'a. Ba kamar tamu ba ce mai ɗauke da ƙura. Wannan share sararin sama take yi tas, shi ya sa mutanen garin suke kiranta likitan Cape.

Ranar Juma'a muka hau bas ɗin MyCiTi, wadda ba a biya da tsabar kuɗi sai da kati, muka je unguwar Bo-Kaap mai gidaje kala-kala, muka yi salla a masallacin Auwal wanda aka kafa a 1794. Musulmin garin da yawa jikokin mutanen da Turawan Holan suka kawo ne daga yankin Indonesiya da Indiya, wasu bayi, wasu malamai da aka kora daga ƙasashensu. Abincin halal bai yi min wahalar samu ba ko kaɗan. Na ci wani dogon burodi da suke cusa wa soyayyen dankali da nama, mutum uku ke raba ɗaya su ƙoshi. Na ci gasasshen kifin da suke kira snoek, mai ƙaya dogaye. Tuwon masararsu kuwa namu ne sak, miyar ce kawai ta bambanta. Idan kana juya rand zuwa naira kafin ka ci, ba za ka ci komai ba, sai na daina juyawa.

Iskar nan ita ce ta kai ni ga abin da ya cinye sauran kwanakina. Da yamma bakin tekun Blouberg da ke kusa da masaukinmu cika yake da masu hawan allo a kan ruwa. Mutum yana tsaye a kan allo, an kafa sanda a tsakiyarsa da ƙyalle mai kama iska, shi kuma yana riƙe da wata sandar da ta kewaye ƙyallen, iska na jan sa yana tsaga igiyar ruwa da gudun da ya fi na babur a cikin gari. Ashe yaronmu ya daɗe da shiga cikinsu. Ni kuwa na iya ruwa tun ina ƙarami, a kududdufan unguwa na fara, na ƙware a Tiga, don haka ban ɓoye masa sha'awata ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne duk da zafin ranar nan kowannensu ya rufe jikinsa da baƙar rigar roba daga wuya har idon sawu. Yaron bai yi min dogon bayani ba. Ya ce, "Kawu, naɗe wandonka, ka sa ƙafa."

Gani ya kori ji. Kafin in ƙirga ashirin ƙasusuwan ƙafata sun fara zogi. A wannan ɓangare na Tekun Atlantika ruwan bazara yakan sauka zuwa digiri 12, wani lokaci ƙasa da haka. Dalilin kuwa iskar ce da kanta. Idan ta daɗe tana kaɗawa sai ta kore ruwan saman da rana ta ɗumama zuwa cikin teku, ruwa mai sanyi na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa. Haka abin yake a duk gaɓar da igiyar Benguela, wato ruwan teku mai sanyi da ke gudana zuwa arewa, ke bi, har Namibiya da kudancin Angola. Ke nan ranar da iska ta fi daɗin hawa ita ce ranar da ruwa ya fi sanyi, sama kuma tana nan fes da rana. Baƙo zai dubi sama ya zaɓi riga, ɗan gari kuwa ma'aunin ruwa yake tambaya.

Washegari ya kai ni wani shagon kayan ruwa. Ni mutum ne da ya yi rayuwarsa cikin yadi, hannuna ya saba da shadda da atamfa da leshi, amma irin wannan kaya ban taɓa taɓawa ba. Roba ce mai kumfa da ake kira niyofirin, kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara haɗa ta a 1930, wani masanin kimiyya mai suna Hugh Bradner kuma ya yi tunanin ɗinka rigar ruwa da ita a farkon shekarun 1950. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin iskar gas a rufe, su ne ke tare zafin jiki kada ya tsere. Rigar ba ta hana ruwa shiga gaba ɗaya. Kaɗan yake shiga, jiki ya ɗumama shi, ya zauna nan. Ana buƙatar wannan kariya domin ruwa yana kwashe zafin jikin mutum kusan ninki 25 na yadda iska mai sanyi iri ɗaya ke kwashewa.

A hannun kowace riga akwai lamba: 3/2, 4/3, 5/4, 6/5. Milimita ne. Ta farko kaurin ƙirji da baya, inda zuciya da huhu suke, ta biyu kaurin hannuwa da ƙafafu, inda ake son jiki ya motsa. Dattijon da ke shagon, Musulmi ne ɗan garin, ya zaunar da ni ya yi min dalla-dalla. Ruwan da ke tsakanin digiri 18 da 21, 3/2 ta wadatar. Daga 13 zuwa 17 sai 4/3, ita ce rigar yau da kullum ta Cape Town. Idan ya sauko 9 zuwa 12 sai 5/4 da takalmin roba. Ƙasa da haka, irin ruwan arewacin Turai a lokacin sanyi, sai 6/5 da hula da safar hannu. Ya ce kowane kamfani da nasa jadawalin, sukan saɓa da digiri ɗaya ko biyu, kuma akasari don masu hawan igiyar ruwa a kwance aka tsara su. Mai hawa da iska lissafinsa daban.

Bambancin nan ne ya fi kama hankalina. Wanda ke kwance a kan allo rabin jikinsa a ruwa yake. Mai ƙyalle kuwa ya faɗa ruwa ya jiƙe, sannan ya miƙe tsaye cikin iska mai ƙarfi, ga gudun allon ya ƙaru a kai. Duk wanda ya girma a gidan da ake ajiye ruwa a randa ya san abin da ke biyo baya: danshin da ke tsatsafowa a bayanta iska na busar da shi, ruwan ciki na ƙara sanyi. Rigar da aka lulluɓe bayanta da yadi tana riƙe ruwa, iska ta yi ta busarwa, mai riga ya yi ta sanyi. Shi ya sa rigar masu hawa da iska ake barin ƙirjinta da bayanta zallar roba mai santsi, ruwa ya zame, iska ba ta ratsawa. 4/3 mai santsi takan fi 5/4 mai yadi amfani a ranar iska. Aibinta ɗaya, farce ma yana yaga ta, sai da lallami ake sa ta.

Da na ce to me zai hana mutum ya ɗauki mafi kauri ya huta, sai dattijon ya kama damtsena ya matsa ƙasan gwiwar hannu. Ya ce, "Alhaji, nan ne aikin yake." Riƙon sandar ƙyalle yana kumbura jijiyoyin hannu. Idan hannun riga ya yi kauri ko ya matse, jini ba ya gudana yadda ya kamata, hannu ya sage cikin ɗan lokaci, mutum ya kasa riƙe sanda alhali yana nesa da gaɓa. Don haka ake ɗan sassauta wannan wurin a rigunan wasan. Safar hannu mai kauri ma haka take gajiyarwa, da yawa sun fi son wadda tafinta ke buɗe. Kauri fiye da kima kuma yana jawo gumi da nauyi da saurin galabaita.

Sai na koma ga abin da na sani, wato ɗinki. Na juya rigunan na duba cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Masu araha an ɗora baki kan baki allura ta huda ta fita, kowane rami ƙofar ruwa ne. Irin wannan na ruwan ɗumi ne. Masu kyau an fara manne bakunan da gam, sannan aka ɗinka da allurar da ke shiga rabin kaurin robar ta dawo ba tare da ta huda ba, wasu har an bi ɗinkin da tef ta ciki. Zif ma magana ne: na baya ya fi sauƙin sawa amma ya fi shigar da ruwa, na ƙirji ya fi wahala amma ya fi tsarewa. A ganina duk wanda ya kalli lambar kauri kaɗai ya biya kuɗi bai gama ciniki ba. Ɗinki da zaman rigar a jiki ba su gaza kaurin muhimmanci ba. Dole ta kama wuya da wuyan hannu da idon sawu, ba tattara a hammata, ba rami a gadon baya, amma kuma mutum ya iya ɗaga hannu ya tsuguna ya ja numfashi sosai. Idan ta yi yawa, duk faɗuwa sabon ruwan sanyi zai kwarara ciki ya kore wanda jiki ya ɗumama, ko milimita nawa ce.

Sabuwar 4/3 a shagon ta fara ne daga sama da rand dubu uku, masu kyau sun ninka haka. Akwai gwanjo a wani lungu, na matsa su da yatsa. Tsohuwar roba lanƙwamewa take, ƙwayoyin iskar sun mutu, musamman a gwiwa da mazauni da hammata. Lambar tana nan a rubuce amma kaurin ya tafi. Araha ba ta ado.

Blouberg ba wurin koyo ba ne, don haka muka yi hayar mota zuwa Langebaan, kilomita kusan 120 a arewacin Cape Town, ta titin R27. Mun wuce tashar lantarki ta nukiliya ta Koeberg, sai daji na gajerun itatuwa har inda ido ya tsaya. Mun tarar da shingen 'yan sanda guda, irin na lokacin hutun ƙarshen shekara. Suka duba lasisin yaron, suka sa ya hura wata na'ura ta gwajin barasa, suka ce mu wuce. Langebaan wani lungun teku ne da ƙasa ta kusan kewaye shi, ba zurfi sosai, ba manyan igiyoyi, ruwansa ya fi na Blouberg ɗumi. Na ga ƙwararru da 3/2, wasu ma da gajeriyar riga iya gwiwa. Amma mai koyarwar da ya dube ni sai ya miƙo min 4/3. Dalilinsa uku ne, kuma duk na yarda da su: sabon shiga ya fi zama a ruwa fiye da kan allo, siririn mutum ya fi mai ƙiba jin sanyi, wanda ya taso a ƙasar zafi kuma jikinsa bai saba ba.

Abu biyu na yi kafin in sa ta, kuma ina ba duk ɗan'uwa Musulmi shawarar ya yi. Rigar haya ce, an san kuma wasu na yin fitsari a cikin irinta, sai na nemi famfo na wanke ta ciki da waje da hannuna, duk da sun ce suna wankewa. Sannan da yake tana kama jiki tana fitar da siffa, na ɗora dogon wando mai faɗi a kanta, kamar yadda na ga wasu ma suna yi. Lokacin salla kuwa cirewa nake in yi wanka in sa kayana.

Koyon kansa aiki ne na ƙarfi. Ka hau allo, ka juya wa iska baya, ka ja igiya ka ɗago ƙyallen daga ruwa da ƙarfin cinya ba na baya ba, ka kama sanda. Faɗuwa ba adadi. Duk faɗuwa ina jin ɗan ruwa ya zirara ta wuya, ya yi sanyi na ɗan lokaci, sannan ya lafa. Can da la'asar ƙyallen ya cika da iska, allon ya miƙe ya fara tafiya da ni, ba inji ba ƙara sai sautin ruwa a ƙasa. Na daɗe ban ji farin ciki irin na wannan lokacin ba. Na fito da gajiya amma ba na rawar sanyi, yatsuna suna aiki.

Bayan mun dawo na nemi in ɗanɗana ruwan Blouberg da jikina duka, ba da allo ba, iyo kawai a kusa da gaɓa inda masu ceto suka kafa tutoci. Yaron ya gargaɗe ni cewa a ruwan da bai kai digiri 15 ba, numfashi ne ke fara ƙwacewa. Haka kuwa aka yi. Da igiya ta rufe ni sai ƙirjina ya fara haki ba da sona ba, goshina ya sara. Maganin shi ne kada ka yi kokawa, ka bar rigar ta taso da kai, domin tana sa mutum yawo a saman ruwa, ka jira kamar minti ɗaya numfashi ya daidaita. Jikina cikin 4/3 lafiya lau, amma tafin ƙafata ya mutu murus. A nan na ga amfanin takalmin roba na milimita 3 da yaron ke sawa, da hular da masu fitowa da sassafe ke ɗorawa a kan 5/4. Sau da yawa abin da mutum ke buƙata ba ƙarin kaurin riga ba ne, rufe ƙafa da kai ne.

A yammacin nan ne aka fito da wani saurayi baƙo wanda ya shiga da tsohuwar gajeriyar riga. Leɓɓansa sun canza launi, haƙora na kaɗawa, ya kasa jan zif ɗinsa, magana ma da ƙyar take fita. Abokansa suka cire masa jiƙaƙƙiyar rigar, suka naɗe shi da bargo a cikin mota inda iska ba ta kai wa, suka ba shi shayi mai ɗumi. Idan zafin cikin jiki ya gaza digiri 35 an shiga haɗari, kuma yatsu ne ke fara ba da labari. Ya warware, alhamdulillahi. A bakin tekun akwai balan-balan ɗin ceto masu ruwan hoda a rataye a jikin sanduna, waɗanda ƙungiyar ceto ta NSRI, da aka kafa a 1967, ke ajiyewa don duk wanda ya ga mai nutsewa ya ɗauka. Na tsaya na daɗe ina kallon ɗaya, ina tuna gaɓar Tiga da Wudil da Bagwai, inda masunta da masu fito ke shiga ruwa da asuba cikin hunturu daga su sai gajeren wando, kuma su ne ake kira idan kwale-kwale ya kife.

An yi bikin yaye lafiya, na ɗauki hotuna na tura wa Yaya, muka yi kuka a waya. Kafin in taso na koma wurin dattijon na sayi 3/2 mai mannen ɗinki da santsin ƙirji. Shi da kansa ya hana ni 4/3, ya ce a ƙasa irin tamu zafinta zai fi sanyin ruwa illa.

A filin jirgin Kano wani jami'in kwastan ya ɗaga ta yana juyawa, ya ce, "Alhaji, wannan kuma ta mece ce?" Na ce ta shiga ruwa ce. Ya taɓa kaurinta, ya gyaɗa kai, ya mayar min. A Kwari kuwa sai da ta zaga layinmu hannu zuwa hannu, kowa na jan ta yana duba ɗinkin, wani tela maƙwabcina ya daɗe yana nazarin yadda allura ta shiga ba ta fita ba. Ajiyarta a Kano sai da kula: a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a juya cikinta waje, a shanya a inuwa a ninke ta kugu a kan igiya mai kauri, kada a bar ta a but ɗin mota, domin rana da zafi ne ke busar da robar ta tsage.

Yaron zai dawo gida da tsohon allo da ƙyalle guda biyu a cikin kayansa. Mun yi magana da wasu matasa masu iyo da na sani a Tiga, su huɗu sun ce suna so su koya. Na sayi ma'aunin zafin ruwa, zan je dam ɗin in auna da sassafe kafin hunturu ya wuce. Idan ruwan ya haura digiri 22, gajerun riguna na milimita 2 za mu yi musu oda. Idan bai kai ba, irin tawa.